Na je Zanzibar, na dawo da zancen yaɓe

Ranar da na bar Zariya, a ƙarshen watan Janairun 2025, hazo ya rufe gari har ba ka iya hango gadar Kwangila sai ka zo gindinta. Wurin aikinmu ne ya tura ni taron bita na kwana biyar a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Sana'ata ƙididdigar kayan gini, amma a gidanmu ba a ɗauke ni magini ba, domin kakana da tubali da azara ya yi suna, ni kuwa da biro da kwamfuta nake ci. Ana jibi zan tafi wani abokina ɗan Wusasa, wanda muka yi sakandare tare, ya zo yi mini sallama. Ya ce, "Mutumina, in ka je har can ka dawo ba ka tsallaka Zanzibar ba, ban yafe ba. Akwai babban cocinmu na Angilika da aka gina a kan kasuwar bayi. Ka ɗauko mini hotonsa ciki da waje." Na ce masa to, a raina kuwa teku nake son gani.

Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa. Na biya Dala 50, na yi makonni ina duba waya. Ga kuma katin rigakafin shawara, wanda sai da na birkice akwatuna biyu kafin na gano shi a cikin wani tsohon littafi. Daga Zariya zuwa Kano na ƙirga shinge biyar, a kowanne direbanmu ya miƙa hannu ta taga ya gaisa. Jirgi ya ɗauke mu daga filin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, inda sanyi ya sa na zaro rigar da na ce ba zan buƙata ba, daga nan sai Darussalam.

Zafin garin nan daban yake da namu. Namu yana ƙona ka ya busar da kai, nasu kuwa jiƙa ka yake yi. Ka yi wanka, kafin ka ɓalla maɓallin riga ka sake jiƙewa. Taron bita ya zo ya wuce kamar kowane taron bita. Abin da na riƙe daga Darussalam shi ne kasuwar Kariakoo, wadda ta yi kama da an haɗa Kantin Kwari da Sabon Gari an zuba su wuri ɗaya, da kuma Adaidaita Sahu da suke kira bajaji.

Asabar da safe na nufi tashar jirgin ruwa. 'Yan kamasho suka yanyame ni tun daga bakin titi, wannan ya ja jaka, wancan ya ce ofishinsa ne na gaskiya. Na rungume jakata na tafi tagar sayar da tikiti kai tsaye, na biya Dala 35, kuɗin baƙo. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi kwalekwale ba, rabin sa'a ta farko ina tsaye ina ɗaukar hoto ina jin kaina wani abu. Da muka fita tsakiyar ruwa, sai na ga ma'aikata suna rarraba baƙar leda. Ban tambayi amfaninta ba, cikina ne ya ba ni amsa. Wata dattijuwa da ke gefena ta miƙo mini ɓawon lemo ta nuna mini in shinshina, tana ta ce mini "pole, pole", wato sannu. Kusan sa'a biyu muka yi kafin farin garin ya bayyana.

A tashar Zanzibar sai da aka sake duba fasfo aka buga hatimi, alhali ban fita daga Tanzaniya ba. Dalili shi ne tsibirin ya haɗe da Tanganyika ne a watan Afrilun 1964, kuma har gobe yana da shugabansa da majalisarsa. Sannan tun watan Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta Dala 44. A canjin lokacin, da Dala ta haura Naira 1,500, kusan Naira 70,000 ke nan ta tafi kafin in sha ko ruwa.

Da na shiga tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, sai na ji kamar an ajiye ni a cikin birnin Kano an ƙara wa gidajen bene. Lunguna ne da mota ba ta shiga, sai babur da keke mai ƙararrawa. Kowane gida da dakalinsa, baraza suke ce masa, dattawa zaune da farar riga da hula mai aiki. Harshen ma yana ta yi mini sallama daga nesa: asubuhi, alhamisi, ijumaa, habari, dunia, sabuni, karafuu. Wannan na ƙarshen kanumfari ne, kuma a kansa arzikin tsibirin ya tsaya tun bayan da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa nan a 1840. Na sami masauki kusa da kasuwar Darajani a kan Dala 25 kowane dare: ɗaki ɗaya, fanka, da wani dogon gadon katako mai gidan sauro wanda sai ka ɗan yi tsalle kafin ka hau.

Bayan azahar na tafi cika alkawari. Unguwar sunanta Mkunazini, tafiyar minti biyar daga masaukina. Tun daga nesa ka hango hasumiyar cocin, dab da ita kuma ta masallaci, har hoto ɗaya yake ɗauke su. A bakin ƙofa akwai ɗan ɗakin sayar da tikiti, na biya aka haɗa ni da ɗan jagora, wani saurayi mai tabon sujada a goshi. Na ɗan yi turus. Ya lura, ya yi dariya ya ce yawancin masu wannan aiki a nan Musulmi ne, shi ma da kuɗin yake karatu. A ƙofar shiga na sunkuya zan cire takalmi bisa sabo, mai gadi ya ɗaga mini hannu yana murmushi.

Tarihin wurin a taƙaice: nan ce kasuwar bayi ta ƙarshe a garin, inda ake kawo mutane daga can cikin ƙasa, wajen tafkunan Nyasa da Tanganyika, a sayar da su zuwa gonakin kanumfari ko a tsallaka da su teku. A watan Yunin 1873 Sarkin Zanzibar, Bargash, ya rufe ta bisa matsin lambar Ingila. 'Yan mishan na jami'o'in Ingila, ƙungiyar da aka kafa sakamakon kiran da David Livingstone, ɗan mishan mai yawon bincike a Afirka, ya yi a 1857, suka mallaki filin, aka aza harsashi ranar Kirsimetin wannan shekara ta 1873. Bishop Edward Steere ne ya tsaya a kan ginin, ya rasu a 1882, kabarinsa na bayan bagadi. Kuɗin ginin tun farko na taimako ne, daga aljihun masu ibada a Ingila. Wato tun ran gini aka yi zanen bara.

Ɗan jagora ya nuna mini wani farin da'ira a ƙasa gaban bagadi, kewaye da jan dutse, ya ce nan ne inda ake ɗaure bawa a yi masa bulala don a ga juriyarsa kafin a yi ciniki. Ya nuna mini ƙaramin gicciye da aka sassaƙa daga itacen da aka binne zuciyar Livingstone a gindinsa a ƙasar Zambiya ta yau. Ya nuna ginshiƙan bakin ƙofa da aka ce leburori sun kafa su kai a ƙasa lokacin da Bishop ya yi tafiya, da agogon hasumiya da aka ce kyautar Sarki Bargash ne. Duk ina jinsa, amma idona na sama. Rufin nan ɗaurin guga ne guda ɗaya tun daga wannan kai har wancan, ba ginshiƙi a tsakiya, an zuba shi da dakakken dutsen murjani da siminti a lokacin da ba a saba ganin irin haka ba a wannan yanki. Da kakana ya gani, da ya cire hula ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi ta ina ruwa ke sauka.

Ta inda ruwa ke sauka kuwa nan matsalar ta fito. Shekara sama da ɗari na ruwan sama da iskar gishiri suka sa rufin ya tsage, bango ya fara rabuwa. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, Kiristocin da ke ibada a nan 'yan kaɗan ne, baikonsu na ranar Lahadi ba zai ɗinke wannan tsaga ba ko za su shekara hamsin suna tarawa. Sai shugabannin cocin suka haɗa kai da reshen Birtaniya na World Monuments Fund, ƙungiyar da ke ceto tsofaffin gine-gine. A 2013 Tarayyar Turai ta ba da tallafin sama da Yuro 700,000, aka nemo ciko daga wasu masu taimako, aka sa ginin cikin jerin wuraren da ƙungiyar ke jan hankalin duniya a kansu na 2014. Aka ɗaure ginin da ƙarfe, aka gyara rufi da bango, aka horar da matasan garin aikin dutse da farar ƙasa. A 2016 aka buɗe zauren baje kolin tarihin cinikin bayi a cikin harabar.

Wannan zauren shi ne dabarar da ta fi burge ni. Ba su roƙi kuɗi don a gyara wa 'yan ɗaruruwan mutane wurin ibada kawai ba, wanda da wuya Tarayyar Turai ta saurara. Sun ce wannan fili tarihin kowa ne, na wanda aka sayar da na wanda ya saya, a gyara shi a kuma yi wurin da ɗan makaranta zai zo ya karanta. Da aka gama, zauren ya zama abin da ke jawo baƙi, baƙi suna sayen tikiti, tikiti yana taimaka wa ginin. Na yi fiye da sa'a ɗaya a ciki. Allunan ba su ɓoye kowa ba: ga sarakunan cikin ƙasa da suka kama maƙwabtansu, ga fatake Larabawa da Suwahilawa irin su Tippu Tip, ga attajiran Indiya da suka ba da jari, ga Faransawa da suka saya don gonakin rake. An kuma nuna cewa rufe kasuwa bai kashe bauta ba, sai a 1897 aka soke ta a doka.

Ina karantawa ina jin wani nauyi, domin ni Bazazzagi ne. Na san ma'anar rinji, na san murgu, na san abin da ake nufi in an ce wa mutum bacucane. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi, kuma bauta ba ta gama mutuwa a dokar Arewa ba sai 1936, lokacin kakana yana saurayi. A gida muna sanin asalin kowa, mu yi shiru sai ranar neman aure. Ban san wani allo guda a garinmu da ɗana zai tsaya ya karanta wannan ba.

Akwai inda ban gamsu ba. A ƙarƙashin wani gini cikin harabar akwai ɗakuna biyu masu duhu, rufinsu ƙasa-ƙasa, da sarƙa a ajiye, ana ce wa baƙi a nan ake cusa bayi gommai kafin ranar kasuwa. Na shiga, numfashina ya ɗauke, na fito da sauri. Amma masana tarihi da dama sun ce ginin da ke samansu an yi shi ne shekaru bayan an rufe kasuwar. Da na faɗa wa ɗan jagora, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yaya, nan ne Turawa suka fi yin kuka, in sun fito kuma nan suka fi sa hannu a aljihu." Ban ji daɗin amsar ba, ban kuma iya cewa ƙarya yake yi ba. Abin da ya faru a filin nan ya isa ya sa mutum kuka ba sai an ƙara masa gishiri ba. Mutum-mutumin da ke waje ma ya wadatar: mutum biyar a cikin rami, sarƙa a wuya, aikin wata 'yar Suwidin, Clara Sörnäs, na 1998. Na ga wata baƙuwa ta tsaya a gabansu ta karkata kai tana ɗaukar kanta hoto tana murmushi. Allah ya kyauta.

Da ɗan jagora ya ji zancena ya fi karkata ga bango, sai ya ce kawunsa na cikin waɗanda suka yi aikin gyaran, zai haɗa mu gobe. Ya kira shi a waya, ya juyo ya ce mini ƙarfe biyu.

Da daddare na tafi lambun Forodhani a bakin teku, inda masu abinci ke kafa tebura bayan magariba. Na sha urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, shilin 3,000. Na ci tsirensu, mishkaki, wanda ba ƙuli ba yaji, ɗan Zariya ba zai kira shi tsire ba sai don kara. Ruwan rake da citta da lemon tsami kuwa kofi biyu na sha. Wata dabbar teku mai hannu takwas da suke kira pweza, na dube ta ta dube ni, muka rabu lafiya. A bayan lambun ga katafaren gidan Sarki Bargash na 1883, Baitul Aja'ib, a lulluɓe da ƙarafan gyara tun bayan da wani sashensa ya rufta a watan Disambar 2020.

Lahadi da safe na bi ta Mkunazini na ji suna waƙa da Suwahilanci, na leƙa daga waje. Kujerun ba su cika ba. Aka zagaya da jakar baiko, na ga abin da ke shiga ciki, na ɗaga kai na sake duban rufin.

Ƙarfe biyu daidai na isa inda muka yi, na tarar da ɗan jagora fuska a ɗaure. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, ƙarfe biyunsu shi ne takwas na safe a wurinmu. Dattijon ya jira ni har rana ta yi zafi ya tafi aikinsa. Kunya ta ishe ni. Muka bi shi wani lungu inda yake gyaran bangon wani gida, na durƙusa na gaishe shi da kalmar da aka koya mini, "shikamoo", ya amsa "marahaba", ya ce a faɗa mini ba ni ne baƙon farko da agogo ya yaudara ba.

Sa'ar da na yi da wannan tsoho ta fi mini kwana biyar na taron bita. Ya ja ni gaban wani bango da aka shafe da siminti, ya ƙwanƙwasa da gindin cokalin gini, sai ka ji ƙwal-ƙwal kamar ganga. Ya sa bakin cokalin ya ɓanɓaro, dutsen da ke ciki ya zubo kamar garin tuwo. Ya ce bangon murjani yana shan ruwa yana fitarwa, in ka rufe shi da siminti ruwan gishiri ya rasa hanya, sai ya ci dutsen daga ciki, waje kuwa sumul. Maganinsa chokaa, farar ƙasar da ake ƙonawa a jiƙa a rami ta daɗe tana kwance kafin a kwaɓa da yashi. Ya nuna mini sandunan da ke riƙe da rufin ɗaki, boriti, na itacen bakin teku, waɗanda tsawonsu ne ke yanke faɗin ɗaki. Na ce, "Baba, mu azara muke ce wa namu, daga giginya." Na ba shi labarin makuba da laso, da yadda kakana ke cewa gidan ƙasa ba ya tsufa sai an daina yaɓe. Ya ajiye cokali ya riƙe hannuna.

Na tambaye shi ko mutane ba su yi masa surutu ba, yana Musulmi yana gyaran coci. Ya ce sun yi. Ya ce kullum in an kira azahar yakan sauko daga tsani ya shiga masallacin da ke gefe, ya dawo ya hau, kuma da kuɗin aikin ya aurar da 'yarsa. Sai ya ƙara da abin da ya fi damunsa. "Ɗana, kuɗin Turawa sau ɗaya suka zo. Damina kuwa sau biyu take zuwa mana kowace shekara." Ya ce a share magudanar rufi, a cire tsiron da ya fito a bango, a toshe ƙaramar tsaga tun tana ƙarama, ba wanda zai zo daga Turai ya yi wannan, ba kuma wanda ake sa wa suna a allo don ya yi shi.

Nan ya taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, ginin ƙasa ne tun na kakanni, da tulluwa da zankwaye. Shekara biyu da suka wuce muka ƙaddamar da gidauniya: rumfuna, kujerun haya, sanƙira da lasifika, babban mai ƙaddamarwa da ya zo a makare ya yi alkawarin da aka yi ta kabbara. Har yau muna bin sawun alkawuran nan, abin da ya shigo hannu kuwa hayar rumfa da abincin baƙi sun ci kasonsu. Shirin da aka yi da kuɗin ma shi ne a rushe a zuba bulo a manna tayil. Ba wanda ya kawo zancen indararon da ya karye shekara uku, yana zuba a gindin bangon gabas. Kuma duk muna garin lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na ƙarni na 19, ya rufta ana sallar la'asar a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

Litinin na sayi kanumfari da kirfa a Darajani, na sake hawa jirgin ruwa, wannan karon da lemo a aljihu da ciki wayam. Adis Ababa, Kano, shingaye biyar ɗin nan suna nan inda na bar su.

Na kai wa abokina hotunansa har Wusasa. Muka zauna a inuwar cocin Saint Bartholomew, ginin ƙasa irin namu da aka yi wajen 1929 lokacin da mishan ɗin Dokta Miller ya koma can daga cikin birni. Yana ta wuce hotunan bagadi da gicciye, sai ya tsaya ya ce, "Wai kai duk wannan hotunan magudanar ruwa na mene ne?" Na ƙirga, sun fi na cocin yawa.

A zaman kwamiti na gaba na nemi izini na yi magana. Na ce a ware akwati daban na yaɓe da indararo, a riƙa buɗe shi gaban jama'a duk wata a rubuta abin da aka samu a allo, a kuma nemo tsohon magini ya duba bangon gabas kafin ruwan fari. Shugaba ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Madalla, Injiniya, za mu duba." Ma'aji kuma ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce Hajiyarsa ta ji labarin na zo da kanumfari.